Kura a Gari

Ni ne mai laifi. Gara in faɗa tun a layin farko, don na san halina: in na fara kewaye-kewaye sai takarda ta ƙare ban zo wurin ba, kamar yadda ƙuruciya ta ƙare, furfura ta cinye mini kai, ban zo wurin ba. Akwai wani dattijo a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, da yake jan ƙafar hagu tun muna samari, kuma bakina ne ya karya masa ita. Ban doke shi ba, ban ture shi ba. Kalma uku kawai na faɗa, a kan wani kofi da ko shayi ba ya dafuwa a cikinsa saboda yoyo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk tsawon shekarun nan ina ɗaga masa hannu daga nesa kamar mutumin kirki, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Kafin in kai can sai na faɗi inda abin ya faru, ko da yake wurin ma yanzu babu shi. A bayan gidajenmu na Jarwal akwai wani fili da muke kira barha, kamar yadda ake kiran kowane sarari tsakanin gidaje a garin nan. Kwanakin baya na je in gan shi, na tarar da otal ɗin da in za ka ga ƙarshensa sai hularka ta faɗi. Wani mai gadi da kwat ya tare ni yana tambaya ko ina da ɗaki. Ɗaki! A wurin da aka binne cibiyata. Na ce masa daidai inda yake tsaye nan akuyar gwaggona take kwana, ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa. Yanzu in ka tsaya a wurin ba abin da kake ji sai gurnanin injinan sanyaya ɗaki da hon ɗin bas-bas na alhazai. A da kuwa, da ido rufe kana iya sanin lokaci. Da safe ƙarar mai tamis ce, yana mara gurasa a jikin tanda. Da hantsi garewanin 'yan ga-ruwa ne ke karo da juna, suna hawo dutse daga bazan, wato famfon unguwa. Da azahar shiru, ko akuya ba ta kuka. Bayan la'asar kuma sai luguden iyayenmu mata, waɗanda suka ƙi yarda da garin inji, suka nace sai da aka samo musu turmi a ƙasar da babu itacen sassaƙa. Kiran sallar Harami kuwa kai tsaye yake zuwa mana, babu ginin da ya isa ya tare shi.

A barhar nan muke wasan ƙwallo, ita kuwa ƙwallon, wani maƙwabcinmu ne ya kawo ta. Baban Jidda muke ce masa, don ya daɗe a can yana tuƙa wasu Turawan Ingila masu aikin tashar jirgin ruwa. Ya ce mutanen arewacin ƙasarsu ne, kuma kowace Juma'a da yamma sai su tuɓe riguna su dinga kayar da juna a kan yashi saboda wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Tun yana riƙe musu takalma har suka sa shi a ciki, da za su tafi suka bar masa ita. Sunan wasan rugbi, amma Baban Jidda ba ya bari ka tsaya a nan. Sai ya ɗaga yatsa ya ce iri biyu ne: akwai na mutum goma sha biyar, na 'yan gata, akwai na mutum goma sha uku, na leburori, kuma namu na leburori ne. Mu dai ƙwallon ƙwai muke cewa. Dokokin ba su da yawa, amma duk a karkace suke. Ka rungumi ƙwallo ka yi gaba da gudu, amma in za ka miƙa wa ɗan'uwanka sai dai ta baya. In an kayar da kai a sake ka, ka tashi, ka tura ta baya da dunduniya. In aka kayar da ku sau shida ba ku kai ba, ta koma hannun abokan karawa. Ci kuwa shi ne ka dangwala ta a ƙasa bayan layin ƙarshe. Mahaifina, wanda ya zo ƙasar nan a ƙafa ta Sudan, sau ɗaya ya tsaya ya kalle mu. Ya ce, "Wannan wane irin wasa ne, mutum yana son gaba yana jifa baya? In kokawa kuke so ku yi kokawa, ku bar baiwar Allah ta huta."

Yau in na ba jikokina wannan labari sai su kalli juna. Ɗaya ma cewa ya yi, "Ya sidi, rugbi a Makka? Mustahil!" ya shiga latsa waya wai zai duba ko gaskiya ne. To me wayar za ta gaya masa? Wa ya rubuta? Mutanen da ƙwallonsu gaba ɗaya a babban yatsa take, ba wanda ya taɓa ƙuje gwiwa a cikinsu, Hausar ma sai na maimaita da Larabci kafin su yi dariya a inda ya kamata, su ne za su ƙaryata ni. Sai in yi shiru. Kuma gaskiya ba rashin yardarsu kaɗai ke sa ni shiru ba, ni ma a tsakiya nake yanke labarin, kullum a wuri ɗaya.

Mun daɗe muna yi tsakaninmu kafin samarin wasu unguwanni su koya. A shekarar da nake magana, bayan alhazai sun watse, aiki ya yi sauƙi, zafi ya ɗan sauka, Baban Jidda ya ce a sa kofi. Unguwa takwas, sili ɗaya ƙwale: an cinye ku kun fita, babu roƙo. Ana farawa bayan la'asar, kiran magariba shi ne tashi, don babu agogon da kowa ya yarda da shi. In kuma an yi kunnen doki, waɗanda suka ci na ƙarshe su ke da nasara, tunda babu hasken da za a ƙara lokaci. Kofin tsohuwar tukunyar shayi ce ta tagulla da mai gahawar bakin layi ya bayar, muka goge ta da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido. Wahalar da muka sha a kan filin nan kuwa! Makka dutse ce, in an kayar da kai a kan ƙasarta fata kake bari. Kwana da kwanaki muna tsintar duwatsu a kwando, muna ɗauko yashi a buhu daga kwari a kan jakin aro, kuma duk wannan sai bayan kowa ya gama aikin gidansu. Ni sai na kai wa mahaifina abinci shago, na zuba wa awaki dusa, na wanke randa. Mahaifiyata takan ce da rabin wannan himma na yi a makaranta da na zama likita. Ta yi gaskiya, a aji shida na tsaya.

Mu duka Hausa muke ji, duka tuwo ɗaya muke ci, amma ba ɗaya muke ba. Wasunmu a nan aka haife mu, da takarda a aljihu. Wasu kuwa aikin hajji suka zo suka zauna, babu igama, wato takardar zama, babu komai, suna aikin ƙarfi suna waige. Saboda su ne iyayenmu mata suka ƙirƙiro wata dabara. A Larabcin garin nan, kura ita ce ƙwallo. A Hausa kuwa kowa ya san kura. Don haka in an hango motar masu kamen marasa takarda ta shigo layi, wanda ya fara gani sai ya ɗaga murya ya ce, "Kura a gari!" Balarabe zai ɗauka yara ne ke neman ƙwallonsu, namu kuwa kafin ka ƙifta ido sun bi lungu. Wannan kalma ba ta wasa ba ce. Na ga ranar da mahaifina ya mari yayana a gaban baƙi don ya faɗe ta cikin raha a tsakar gida. Ya ce, "Wannan kalma ran mutane ce. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa." Ina tsaye a wurin. Ba zan ce ban sani ba.

'Yan unguwar Misfala kusan rabinsu marasa takarda ne, kuma a cikinsu akwai wani ɗan ga-ruwa da ake kira Ba'adare, don daga ƙasar Adar ta Nijar ya zo. Mutumin da yake hawa dutse da garwa biyu tun safe har rana ta take, me kake tsammani cinyarsa za ta zama? In ya rungumi ƙwallo ya taho sai ka ji ƙasa tana amsawa. Ga barkwanci. In ya ture ka ka faɗi sai ya waiwayo ya ce, "Sannu ɗan gida, tahi ka hwaɗa wa inna." Kowa yana son sa, har mu da yake tattakewa.

Mun fitar da Utaibiyya a zagayen farko da kyar, har ɗayanmu ya bar haƙori a fili. A na biyu muka haɗu da 'ya'yan mahauta, waɗanda suka fi mu jiki amma ba su taɓa tuna cewa ba a jifa gaba ba, muka wuce. Misfala kuwa ba su sha wata wahala ba, miƙa wa Ba'adare kawai suke yi su bi bayansa. Ranar wasan ƙarshe barha ta cika har saman soraye, mata suna leƙe ta tagogin katako, umda, wato mai unguwa, da kansa aka kawo masa kujera. Ni ne mai tsaron baya. In kowa ya kuskure, ni ne katanga, kuma haka 'yan unguwarmu suke mini kirari.

Rana ta yi ja a kan duwatsu muna gaba da ci ɗaya, kowa kunnensa yana wajen Harami. An kayar da su sau biyar, saura ɗaya. Sai aka miƙo wa Ba'adare. Ya keta mutum biyu ya fito fili, babu kowa tsakaninsa da layi sai ni. Baban Jidda ya koya mana yadda ake yi: ka sunkuya, ka sa kafaɗa a cinya, ka rungume ƙafafu. Na sani sarai. Amma da na ga gwiwoyin nan suna tahowa sai na rufe ido na kauce, na miƙa hannu ɗaya don a ce na yi ƙoƙari. Na faɗi rub da ciki, bakina cike da yashin da na ɗauko da kaina. Na ji dariya daga saman soro. Ba kofin ne ma ya zo mini a rai ba, dariyar ce. Daga nan kwance, fuskata a ƙasa, na buɗe maƙogwaro na ce, "Kura a gari!"

Kafin in rufe baki mata sun karɓe ta daga tagogi, 'yan kallo sun karɓe ta daga mata. Fili ya hargitse. Ba'adare saura taku uku ya kai. Ya saki ƙwallon kamar garwashi, ya wuce layin hannu wofi, ya dafa katangar da ke bayan fili ya tsallake. Mu 'yan Jarwal mun san abin da ke bayan wannan katanga: kwarin da ruwan sama ke bi ne, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ƙasansa dutse. Shi bai sani ba. Sai ladan ya ce Allahu Akbar.

Babu mota, babu kowa. Da hankali ya dawo aka shiga tambayar wa ya gani, kowa ya ce shi ma ji ya yi. Da aka zo kaina na ce, "Ni ma daga bayana na ji." Kyaftin ɗinmu ya ce magariba magariba ce, doka doka ce. Baban Jidda ya daɗe yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye tukunyar a ƙasa bai miƙa wa kowa ba, ya ɗauki ƙwallonsa ya sa a hammata ya tafi masallaci, kuma ba mu sake ganin ta ba. Kofin farko ke nan, shi ne kuma na ƙarshe. Ba'adare a kan ƙyaure aka ɗauko shi daga kwari. Ba wanda ya yi maganar asibiti, don tsoron tambayar takarda. Wani maɗori aka kira ya ɗaure ƙafar a ɗaki, ta warke a karkace. Mai irin wannan ƙafa ba ya hawa dutse da garwa. Ya koma zama a ƙofar masallaci yana sayar da aswaki. Kalmar ma ta lalace, don daga ranar in an faɗe ta sai ka ji wani ya tsaya yana cewa, "Da gaske?" alhali a da babu mai tsayawa.

Ni kuwa na ci gaba da rayuwata. Na zama direban bas na alhazai, na yi aure, na tara iyali. Da aka rushe gidajenmu muka koma Utaibiyya, shi kuma ya gangara Ka'akiyya inda haya ta fi sauƙi. Wautar da na yi ta yi a shekarun nan, in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ɗauka tunda Ka'aba tana kusa, ɗawafi zai wanke. Na yi ɗawafi har ƙafata ta yi kanta. Na aika masa da naman layya ta hannun wasu ban ce daga wa ba. Na taɓa zuwa wurin wani malami bayan karatu, na ce, "Allah gafarta malam, wani abokina ne ya cuci wani tun suna samari, yana tambaya ko akwai addu'ar da zai riƙa yi." Malam ya ce, "Wanda aka cuta yana da rai?" Na ce yana nan. Ya ce, "Abokin naka ya san inda yake zama?" Na ce ya sani. Ya ce, "To me ya kawo shi wurina?" Na fita ina jin haushin malamin, har na daina zuwa karatunsa. Ka ji irin mutumin da nake.

Makon jiya maiɗakina ta dawo daga wani suna a Ka'akiyya, tana cire abaya ta ce, "Alhaji, Ba'adare zai tafi gida. 'Yarsa ta gama masa takardun fita, ran Lahadi jirginsu. Ya ce yana son ya mutu a inda aka haife shi."

Na ce, "Allah ya kai su lafiya."

Ta ce, "Shi ke nan?"

"To me kike so in ce?"

"Ni? Ba ni kake bin hanyar nesa don kada ka wuce ta gabana ba. Tun da na shigo gidanka, in an ambaci mutumin nan sai ka tashi wai za ka yi alwala. Ban san me ka yi masa ba, ban kuma tambaya ba. Amma jirgi ba ya jiran mai alwala."

Na yi faɗa, na ce mata mace ba ta san sha'anin maza ba, na ce a kawo mini shayi, aka kawo na bar shi ya huce. Juma'a ta wuce ina cewa gobe. Ran Asabar bayan la'asar na shiga mota na tafi.

Na same shi a ƙofar masallacinsu a kan tabarma, sauran aswakin da bai sayar ba yana rabawa kyauta, tsofaffi uku suna zaune tare da shi a kan benci. Cinyoyin nan da ƙasa take amsawa sun zama kamar kara. Ya kare ido da hannu ya dube ni, sai ya fashe da dariya.

"Wa nike gani? Ɗan gida! Katangar Jarwal! Har yanzu kana kauce wa mutane?"

Tsofaffin suka yi dariya ba tare da sun san dalili ba. Na durƙusa kusa da shi, gwiwata tana ƙara, na gaishe shi, na kai bakina wajen kunnensa na faɗi abin da na shirya tun a mota, a hankali, yadda daga ni sai shi sai Allah.

Ya ce, "Mi kac ce?"

Na maimaita, na ɗan ƙara murya.

"Aswaki? Ɗauki mana, ba kuɗi. Ɗauki biyu, ka kai wa Hajiya."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya taɓa ni da sanda ya ce, "Ɗaga murya, Alhaji. Kunnen ya riga shi tafiya gida tun bara, shi ne zai bi shi gobe."

Na duba. Masu karatun bayan la'asar suna fitowa daga masallaci suna neman takalma, mai bakala yana tsaye a ƙofar shagonsa, 'yarsa ta leƙo daga bene da tsintsiya a hannu. Duk Hausawa, kuma a cikin masu furfurar akwai fuskokin da na sani tun Misfala. Wato bayan duk shekarun nan ko sirri ba zan samu ba. Zuciyata ta ce ka karɓi aswakin ka tafi, ai ka faɗa har sau biyu, Allah ya ji. Na san wannan murya, ita ce ta ce mini in kauce. Na dafa bango na miƙe tsaye, na cire hula, na buɗe maƙogwaro har masu takalma suka tsaya cak.

"Ba'adare! Ranar kofi babu wata kura! Ni na faɗa! Tsoronka na ji na kauce, aka yi mini dariya, na yi ƙarya don kada ka ci. Da aka tambaya na ce daga baya na ji. Ƙafarka tana wuyana, sana'arka tana wuyana, na yi shiru har muka tsufa. Ba ni da abin da zan gyara da shi, kuma ban zo da uzuri ba. Don girman Allah, ka yafe mini."